Cida Daga Nesa: Fim Ɗin Da Ya Nuna Yadda Yaƙi Ke Shigowa Ta Bakin Mudu

Idan aka ce fim ɗin Indiya, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne rawa da waƙa, saurayi da budurwa suna zagaya bishiya, da jarumi guda mai tarwatsa 'yan daba ashirin shi kaɗai. Su muka saba gani tun zamanin gidajen silima har aka zo zamanin bidiyo, kuma kusan dukkansu daga Bombai suke fitowa, cikin harshen Hindi. To amma Indiya ƙasa ce mai faɗin gaske, harsunanta kuma barkatai. A can gabashinta akwai mutanen Bangal, masu magana da harshen Bangali, waɗanda su ma suna da nasu finafinan, kuma salonsu daban ne. A wannan fitowa za mu tattauna ne a kan ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice, mai suna Ashani Sanket, wanda Satyajit Ray ya shirya a shekarar 1973. Ma'anar sunan a harshensu ita ce alamar tsawa, wato abin da mu muke kira cida, rugugin nan da ake ji daga nesa tun hadari bai iso ba.

Fim ne a kan Yaƙin Duniya na Biyu, amma daga farkonsa har ƙarshensa ba za ka ga fagen fama ba, ba za ka ga runduna ta ja daga ba. Iyakar abin da mutanen ƙauyen da ke cikin labarin suka gani na yaƙi shi ne jiragen sama masu wucewa ta samansu. Duk da haka, yaƙin nan da ba su gani ba shi ya cinye su. A tsakanin 1943 da 1944 mutane fiye da miliyan 2 suka mutu a Bangal saboda yunwa da cututtukan da ke bin bayanta. Ba harsashi ya kashe su ba, farashin shinkafa ne. Yadda hakan ta faru shi ne abin da muke so mai karatu ya duba tare da mu, musamman tunda da yawanmu da sayen hatsi da sayar da shi muke ci.

Yadda Hadari Ya Haɗu

A wancan lokaci Bangal lardi ne guda a ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila, babban birninsa Kalkata, mutanensa wajen miliyan 60, Musulmi da mabiya addinin Hindu. Sai a 1947 aka raba shi biyu, yammaci ya zauna a Indiya, gabashi ya koma Pakistan, daga baya a 1971 ya zama ƙasar Bangaladash. Ƙasa ce ta fadama da koguna, inda manyan kogunan Ganges da Brahmaputra suke rarrabuwa kafin su faɗa teku. Shinkafa ita ce tuwonsu, safe da dare. A yankunan bakin teku kuwa kwalekwale shi ne jaki, shi ne mota. Da shi manomi ke zuwa gona, da shi masunci ke kamun kifi, da shi ake kai shinkafa kasuwa.

Cikin watan Fabrairu 1942 sojojin Japan suka ƙwace Singafo daga hannun Ingila, a watan Maris kuma suka shiga Rangun, babban birnin Bama a lokacin. Ita Bama tana maƙwabtaka da Bangal ta gabas, kuma ita ce rumbun shinkafar wannan yanki, don kowace shekara Indiya kan sayo daga can. Yanzu hanya ta toshe. Daɗin daɗawa, Indiyawa wajen rabin miliyan da ke zaune a Bama suka gudo gida, da yawansu a ƙafa. Sannan aka shiga jibge sojoji a Bangal domin ta zama bakin daga, kowane soja kuwa da cikin da za a ciyar.

Wannan yaƙi ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne Yaƙin Bama da kakanninmu suka je. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta sauka Indiya a watan Agusta 1943, daidai lokacin da yunwar ta yi ƙamari, kuma kafin ƙarshen shekarar ta ratsa ta yankin Citagon a Bangal ta nufi kwarin Kaladan a Bama. Runduna ta 82 ta bi bayanta a 1944. Sunayen barikokin soja irin su Letmauk a Ibadan, da Myohaung da Arakan a Legas, duk sunayen wurare ne a can Bama. Mun sha jin labarin ƙungurmin daji da ruwan sama da sojan Japan daga bakin tsofaffi. Labarin talakawan ƙasar da aka bi ta cikinta ne bai iso mana sosai ba.

Saboda tsoron kada Japan ta shigo ta teku ta tarar da abinci da abin hawa, sai Turawa suka ɓullo da wata dabara a 1942. Suka sa aka sayi rarar shinkafa aka kwashe daga gundumomin bakin teku kamar Midnapur da Khulna da Bakarganj. Suka kuma ba da umarni a karɓe duk jirgin ruwan da ke iya ɗaukar mutum 10 ko fiye. Jirage sama da 40,000 aka kwashe, wasu aka nutsar da su, wasu suka ruɓe a inda aka tara su. Japan ba ta shigo ta nan ba, amma masunta sun rasa sana'a, ƙauyuka sun rasa hanyar kasuwa. Ana cikin haka, ran 16 ga Oktoba 1942 guguwar teku ta afka wa Midnapur, ta kashe mutane wajen 14,000 da shanu wajen 190,000, ruwan gishiri ya malale gonaki. Sai kuma wata cuta ta kama shinkafar da ke gona. A watan Disamba jiragen Japan suka jefa bamabamai a Kalkata, masu shaguna da yawa suka kulle suka gudu. Hadari ya gama haɗuwa ke nan.

Abin Da Fim Ɗin Ya Nuna

Ray ya ɗauko labarin ne daga wani littafi na marubucin Bangali mai suna Bibhutibhushan Bandyopadhyay, wanda ya rayu a karkara ya ga yunwar da idonsa. Tauraron labarin sunansa Gangacharan, matarsa kuma Ananga. Shi Birahmin ne, wato ɗan dangin limaman addinin Hindu, waɗanda a tsarinsu su ne sama da kowa. Ya zo ya zauna a wani ƙauyen manoma inda babu wani Birahmin sai shi, saboda haka shi ne limami, shi ne malamin makaranta, shi ne mai magani. Ba ya noma. Manoma ke kawo masa shinkafa da kayan lambu, suna girmama shi, shi kuwa yana jin daɗin abinsa. Ba mugun mutum ba ne, yana dai da ɗan wayo da son girma. Da aka kira shi wani ƙauye ya kore musu annobar kwalara, ya yi musu addu'o'insu na gargajiya, sannan ya haɗa musu da gargaɗi a kan ruwan da suke sha, ya karɓi ladansa ya hau keken shanu ya kamo hanyar gida.

A farkon fim ɗin komi kore shar. Ananga tana wanka a kogi, jiragen yaƙi suka wuce, ta ɗaga kai tana sha'awar kyansu kamar garken tsuntsaye. Maza suna hira a kan an ci Singafo, alhali ba su san inda Singafo take ba, shi kansa malamin nasu lalube yake yi. Allah Sarki, rashin sani ya fi dare duhu.

Cidar farko ta zo ne ta bakin wani tsohon Birahmin mai suna Dinabandhu, wanda ya tare Gangacharan a hanya yana roƙon shinkafa, ya ce a wajensu ta yi tsadar da ba ta sayuwa. Gangacharan bai ɗauki maganar da nauyi ba. Ashe abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Sannu a hankali farashi ya fara hawa a nasu ƙauyen. Masu shinkafa suka fara cewa babu. Waɗanda da suke kawo wa malam kyauta suka daina, don su ma ba su da ta bakin 'ya'yansu. Ran nan jama'a suka fasa wurin mai sayar da shinkafa suka yi wawa, a cikin turmutsitsin aka ture malam ya faɗi ƙasa, ba wanda ya waiwaye shi. Mutumin da jiya ake durƙusa masa, yau ga shi cikin ƙura.

Daga nan sai fim ɗin ya koma kan mata, don su ne suka ɗauki nauyin gida. Ananga, matar Birahmin guda, ta tafi gidan mai hali tana surfen shinkafa tare da matan manoma don a auna mata ɗan abin da za ta dafa. Da wannan ta ƙare, mata suka shiga tsintar dodon koɗi a bakin tafki da haƙar doyar daji. A can dajin wani mutum ya afka wa Ananga, ƙawarta Chutki ta rafka masa ƙarfe ya mutu, matan suka rufe maganar a tsakaninsu. Ita Chutki ɗin, matar aure ce, yunwa ta kai ta ga ba da kanta ga wani mai ƙonanniyar fuska da ke zaune a wurin gasa tubali, don ya ba ta shinkafa. Fim ɗin bai zage ta ba, bai kuma wanke ta ba, ya dai nuna mana inda ciki ke kai mutum.

Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne zuwan Moti, wata mace daga cikin waɗanda a tsarin Hindu ake ƙyamar taɓawa. Ta jawo jiki daga ƙauyensu ta zo ta kwanta kusa da gidan Ananga. Aka kawo mata abinci aka ajiye, ba ta da ƙarfin ɗauka, ta cika a nan. Wata 'yar yarinya da ke laɓe tana jira ta zo ta ɗauke abincin. Gangacharan, wanda bisa al'adarsu bai kamata ko jikinta ya taɓa ba, ya durƙusa ya kama hannunta don ya duba ko da sauran rai, ya kuma ɗauki nauyin yi wa gawarta abin da ya kamata bisa addininsu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Yunwa ta ƙwace masa girman da ya gada, sannan ne ya zama mutum sosai.

A ƙarshe sai ga tsohon nan Dinabandhu tafe da iyalinsa kaf, sun nufo gidan da ba shi da abin da zai ci. Ananga ba ta ce a kore su ba, a daidai lokacin ma ta shaida wa mijinta tana da ciki. Sai hoton ya faɗaɗa, mutanen da ke tafe suka zama ɗaruruwa, suka zama dubbai, baƙi ƙirin kamar inuwa. Rubutu ya fito yana cewa mutane fiye da miliyan 5 suka mutu a yunwar da ɗan Adam ya haddasa da hannunsa. Masana na baya sun rage wannan adadi, yawancinsu suna cewa tsakanin miliyan 2 da miliyan 3 ne. Ko da wanne aka ɗauka, ya ninka yawan mutanen Ingila da suka mutu a yaƙin gaba ɗaya sau da yawa.

Lissafin Kasuwa

To, ina shinkafar ta tafi? A nan ne ɗan kasuwa zai fi kowa gane abin da ya faru. A Bangal ana auna shinkafa da wani awo da suke kira mon, wanda ya kai wajen kilo 37. A farkon 1942 mon ɗaya wajen rupi 6 yake a Kalkata. A watan Disamba na shekarar ya kai rupi 13 zuwa 14. A watan Maris 1943 ya kai 21, a watan Mayu ya haye 30. Zuwa Oktoba an ba da labarin ana sayar da shi rupi 80 a Citagon, a Dhaka kuma har sama da 100. Ladan ɗan ƙodago a gona kuwa bai bi sawun wannan tashi ba ko kusa.

Abin da ya fara tura farashi sama shi ne kuɗin yaƙi. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta buga takardun kuɗi tana gina filayen jirgin sama da barikoki, tana sayen abinci da tufafi domin soja. Kuɗi ya yi yawa a hannun 'yan kwangila da mutanen birni, kaya kuwa bai ƙaru ba. Sannan aka ce lallai Kalkata kada ta ji yunwa, domin nan ne masana'antun kayan yaƙi da tashar jiragen ruwa suke. Aka ware ma'aikatan masana'antu da na jirgin ƙasa da na gwamnati ana ba su shinkafa a farashi mai sauƙi. Wakilan gwamnati da na kamfanoni suka bazu cikin ƙauyuka suna saye ko nawa aka ce musu. A watan Maris 1943 aka janye ƙayyade farashi. Shinkafa ta bi kuɗi, ta bar ƙauyen da aka noma ta ta tafi birni.

Duk wanda ya taɓa zama a bakin buhu ya san sauran labarin. Idan farashi yana tashi kowace safiya, wanda ya sayar yau gobe zai ciji yatsa. Manomi mai rara sai ya riƙe nasa. Dillali ya riƙe. Babban ɗan kasuwa ya cika sito ya sa kwaɗo. Mai gidan da ya saba sayen buhu ɗaya, tsoro ya sa shi sayen uku. Kowa a cikinsu yana ganin hankali ya yi, amma idan aka haɗa hankalin nasu wuri guda sai ya zama kabarin wani. Su wa suka faɗa ciki? 'Yan ƙodagon gona marasa fili, masunta da aka karɓe wa jirage, matan da ke surfe, masaƙa, maƙera, wanzamai, da duk mai sayen abinci da abin da ya samu a yini. Mai ɗan fili ya sayar da tukwanen tagulla, ya sayar da kwanon rufin ɗaki, ya sayar da shanun huɗa, daga ƙarshe ya sayar da gonar.

Daga tsakiyar 1943 mutane suka fara kwarara zuwa Kalkata a ƙafa. Suna bin ƙofa ƙofa, ba ma shinkafa suke roƙo ba, ruwan da aka tace daga dafaffiyar shinkafa suke roƙo. Suna faɗuwa suna mutuwa a gaban shagunan da ke cike da abinci. Gwamnati ba ta taɓa ayyana cewa ana yunwa a hukumance ba, don yin haka zai wajabta mata ciyar da jama'a, kuma masu tace labarai suna hana baza maganar. Sai ran 22 ga Agusta 1943 jaridar The Statesman ta Kalkata, wadda editanta Bature ne mai suna Ian Stephens, ta buga hotunan mutanen da suka zama ƙashi da fata a kan titi. Gani ya kori ji. Daga nan ne duniya ta san halin da ake ciki.

Laifin Wa?

Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Sir John Woodhead ya fitar da rahotonsa a 1945. Ya ce mutum miliyan 1.5 suka mutu, adadin da kusan kowa ya yarda ya yi kaɗan. Amma akwai wani lissafi a ciki da ya kamata kowane mai sayar da hatsi ya ji. Kwamitin ya ƙiyasta cewa ƙazamar ribar da aka ci a cinikin shinkafa a wannan shekara ta kai rupi miliyan 1,500. Da aka raba da yawan matattu, sai ya zama kowace gawa guda an ci ribar wajen rupi 1,000 a kanta. Tirƙashi!

Sai dai adalci bai yarda a ɗora wa 'yan kasuwa kaɗai ba. A watan Yuni 1943 gwamnatin lardi, wadda ministan abincinta shi ne Huseyn Shaheed Suhrawardy, ta aika ma'aikata gida gida neman ɓoyayyar shinkafa. Abin da suka samo bai taka kara ya karya ba, kuma da farko ma ba a saka Kalkata cikin binciken ba, inda manyan sito suke. Sauran lardunan Indiya masu rarar hatsi sun hana fitar da shi daga iyakokinsu. A can Landan kuwa, gwamnatin Winston Churchill ta janye jiragen ruwa da yawa daga Tekun Indiya a farkon 1943, kuma da Babban Gwamnan Indiya ya roƙi a aiko da hatsi mai yawa, ɗan kaɗan aka amince da shi. Masu kare Churchill suna cewa jirage sun yi ƙaranci saboda yaƙi. Masu sukarsa, irin su marubuciya Madhusree Mukerjee a littafinta na 2010, suna cewa jiragen alkama daga Ostareliya suna ta wucewa ta gefen Indiya zuwa wasu wurare.

Masanin tattalin arziki Amartya Sen, ɗan Bangal ne, yana da shekara 9 ya ga wannan yunwa da idonsa. A littafinsa na 1981 ya kawo lissafin cewa abincin da ke Bangal a 1943 ya fi na 1941 da wajen kashi 13 cikin 100, alhali a 1941 ba a yi yunwa ba. A ganinsa abin da ya ɓace shi ne ƙarfin saye a hannun talaka. Wannan bincike yana cikin abubuwan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 1998. Akwai masanan da suka yi masa gardama, suka ce cutar shinkafa da guguwa sun rage amfanin gona fiye da yadda ya lissafa. Amma ko su ba su musa cewa da hukuma ta tashi da wuri da an ceci rayuka masu ɗimbin yawa ba. Shaida kuwa ita ce, da Lord Wavell ya zama Babban Gwamna a watan Oktoba 1943, cikin 'yan kwanaki ya je Kalkata ya gani da idonsa, ya sa soja su shiga kai hatsi ƙauyuka da motocinsu. A watan Disamba aka girbe shinkafa mai albarka, farashi ya sauko. Sai dai jikin mutane ya riga ya lalace, zazzaɓin cizon sauro da kwalara da agana suka ci gaba da ɗibarsu har cikin 1944.

Mai Fim Da Masu Sukarsa

An haifi Satyajit Ray a Kalkata a 1921, ya rasu a 1992, shekarar da aka ba shi kyautar Oscar ta girmamawa. A 1943 yana saurayi ɗan shekara 22, ya fara aikin zane a wani kamfanin talla na Turawa, yana wuce mayunwata a kan titi a hanyarsa ta zuwa ofis. Shekara 30 suka wuce kafin ya mayar da abin fim. Ya ɗauki hotunan a karkarar gundumar Birbhum. Soumitra Chatterjee ne ya fito a matsayin Gangacharan, Sandhya Roy ta fito a Chutki, ita kuwa Ananga wata matashiya ce daga Bangaladash mai suna Bobita, wadda ƙasarta ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin 1971 ba. Fim ɗin ya ci babbar kyautar Golden Bear a bikin finafinai na birnin Balin a Jamus a 1973.

A gida kuwa wasu sun soke shi. Suka ce ya yi kyau da yawa: ga launi, ga furanni, ga malam buɗe littafi yana shawagi, ga matar da ba ta rame ba, ina yunwar take? Mu dai a namu gani wannan suka ba ta zauna ba. Lokacin da aka fi mutuwa da yunwar, wato daga Agusta zuwa Nuwamba 1943, gonaki kore suke shar, shinkafa tana tsaye ba ta nuna ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san yunwar tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai iso ba. Da fari ne ya kawo ta, da an ga ƙasa ta tsage, an ce ikon Allah. Da Ray ya bar ƙasar da kyanta, sai mai kallo ya rasa inda zai kai ƙara sai wurin mutane. Kuma da gangan ya tsaya a kan gawa ɗaya tak. Miliyan 3 lissafi ne a takarda, amma Moti mun san sunanta, mun ga fuskarta tun tana da lafiya.

Wani abin tausayi, shekara guda bayan fitowar fim ɗin, a 1974, yunwa ta sake afka wa Bangaladash bayan ambaliya. A nan ma farashin shinkafa ya riga ƙarancinta tashi, a nan ma 'yan ƙodago ne suka fi mutuwa.

Jama'a, abin da wannan tarihi ke koya mana a fili yake. Yaƙi ba ya tsayawa inda ake harbi. Yana bin hanyar mota da ta jirgi, ya shiga kasuwa, ya zauna a bakin mudu, kuma wanda bai san dalilin faɗan ba shi ke fara biya. Sa'ad da abu irin wannan ya taso, mai sito yana riƙe da abin da ya fi bindiga. Tun muna yara malamai suka karantar da mu haramcin ɓoye abinci don a jira ya yi tsada alhali jama'a na cikin matsi, kuma Bangal ta nuna abin da ake gudu, har da lissafinsa: rupi 1,000 a kan kowace gawa. Riba halal ce, ajiya ma ba laifi ba ce a lokacin yalwa. Amma idan mace ta zo da kuɗin mudu guda ta tarar ba ya sayen rabi, mai kaya ya san an wuce maganar ciniki.

Fim ɗin bai kai awa 2 ba, kuma ana samunsa da fassarar Turanci a rubuce a ƙasan hoto. Wanda ya sami hali ya nema ya kalla tare da manyan 'ya'yansa. Allah Ya kiyashe mu da yaƙi na kusa da na nesa, Ya tsare mu da cin riba a kan yunwar maƙwabci, amin.